DUTSE, RUWAN SAMA DA SAIWAR WAKE

A wannan mako za mu ajiye allura da zare, ku biyo ni bayan gida mu tsuguna a gona, domin akwai wani abu a cikin ƙasa da na ke so kowace ta gani da idonta.

A hutun watan Agusta na je gaida goggona a ƙauye. Na iske ta a gayaunarta, ranta a ɓace, ta tuge wake wajen tushe goma ta tara a gefe, tana shirin tuge sauran. Na ce, "Goggo, lafiya?" Sai ta miƙo mini saiwa guda, ta ce in duba. Ga waɗansu 'yan ƙululai kamar ƙwayar dawa sun manne a jikin saiwar. Ta ce cuta ce ta shiga gonar, in ba ta kawar da waken ba za ta kama dawar da ke kusa, dawar da dama ganyenta ya yi rawaya, ga wuta-wuta ta fara leƙowa, ga kuma kuɗin takin zamani ya fi ƙarfinta. Na roƙe ta ta dakata. Na karɓi reza, na tsaga ƙululu ɗaya, na nuna mata cikinsa. Ja ne kamar tsokar nama. Ta riƙe baki ta ce, "Ke 'yar nan, har da jini?"

Goggo ba ta yi nisa da gaskiya ba, kamar yadda za ku ji nan gaba. Amma kafin ku gane aikin waɗannan ƙululai, sai mun fara sanin inda ƙasar gona ta fito, da abin da ta ke da shi, da abin da ta rasa.

Ƙasar da mu ke shuka a ciki, asalinta dutse ne. Ku mutanen Zariya ku dubi Kufena, ku na Zamfara ku dubi Kwatarkwashi. Wadda ba ta kusa da dutse ta wanke dutsen niƙan gidansu ta dube shi a rana. Za ta ga ba abu ɗaya ba ne, ƙwayoyi ne iri iri a cuɗe. Akwai masu haske kamar fasasshiyar kwalba, masana na kiransu kwas. Akwai farare ko masu ɗan ja-ja, su ne felsfa. Akwai kuma baƙaƙe masu walƙiya da ke ɓarewa falle falle, su ne maika. Irin wannan dutse shi a ke kira giranit, shi da danginsa ne kuwa ke shimfiɗe a ƙarƙashin yawancin ƙasashen Zazzau, da Kano, da kudancin Katsina.

Rana ta gasa bayan dutse da azahar, sanyin dare ya biyo, shekara da shekaru, har fatarsa ta fara tsagewa. Hausawa sun ce sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. To, ƙadangaren dutse shi ne ruwa. Ruwan sama kuwa ba ruwa ne zalla ba. Sa'ad da ya ke saukowa yana haɗuwa da iskar nan da mu ke fitarwa in mun yi numfashi, watau kabon dayoksaid, sai ya yi ɗan tsami. In ya shiga ƙasa ya ƙara kwasar wannan iska daga saiwoyi da rubabben ganye, tsamin ya ƙaru. Harshe ba ya jinsa, amma dutse yana ji.

Kowace ƙwaya da yadda ruwan ke yi da ita. Felsfa, wadda ta fi yawa a dutsen, ruwan yana tsotse mata gishirinta kaɗan kaɗan, watau fotashiyam da kalshiyam da sodiyam, har ta yi laushi ta koma yumɓu. Yumɓun da maginiya ke gina tukunya da tulu da shi, dā dutse ne mai tauri. Farar ƙasar da a ke haƙa a Ƙanƙara cikin Jihar Katsina ita ma haka ta samu. Baƙar maika tana da ƙarfe a cikinta, ƙarfe kuwa kun san halinsa in ya sha ruwa da iska: tsatsa ya ke yi, kamar wuƙar da aka manta a gindin randa. Wannan tsatsa ita ce ta rina ƙasarmu ta yi ja, inda ta taru ta daskare kuma ta zama marmara. Kan Dutsen Dala irin wannan ne, shi ya sa maƙeran dā suka zauna a gindinsa suna narka tama. Kwas ce kaɗai mai taurin kai. Ruwa ba ya iya narka ta sai kaɗan ainun, saboda haka in maƙwabtanta sun ruɓe sai ta zube, ita ce rairayin da ku ke takawa a bakin rafi.

Akwai dutsen da ya fi giranit saurin ba da kai, shi ne farin dutsen da a ke yin siminti da shi a Kalambaina kusa da Sakkwato, da Ashaka a Jihar Gombe. Shi kam narkewa ya ke yi ɗungum, ya bi ruwa. 'Yammatan makaranta, ga gwaji mai sauƙi: ku sa ɓawon ƙwai a kofin gilashi, ku matsa masa lemon tsami har ya rufe shi. Za ku ga 'yan kumfa suna tasowa, in kun bar shi ya kwana ɓawon ya yi laushi. Ɓawon ƙwai da wannan dutse abu ɗaya ne, aikin da lemon tsami ya yi a dare guda shi ne ruwan sama ke yi a shekaru masu yawa. Farin abin nan da ke daskarewa a gindin butar shayi, da ruwan rijiyar da sabulu ba ya kumfa a cikinsa, duk alama ce ta dutsen da ya narke a ruwa. Kanwar da mu ke jefawa a tukunyar wake ma haka ne, gishirin dutse ne da ruwa ya wanko ya tara a kwarurrukan yankin Tafkin Chadi da ƙasar Nijar, rana ta ƙone ruwan ta bar shi.

Aikin nan ba gaggawa a cikinsa. Kafin dutse ya ba da ƙasa mai kaurin ɗan yatsa, sai an yi ɗaruruwan shekaru. Ruwan da ya gina ta kuwa yana iya kwashe ta a damina ɗaya, in ya iske gona tsirara ba ganye ba kara. Duk wadda ta ga jan ruwa yana gudu a kwazazzabo bayan an ɗauke ruwan sama, ta ga gadon 'ya'yanta yana tafiya. Ba na hana ku jin haushin ƙurar hunturu da ke ɓata mana kwanuka da gado, amma ku sani da yawanta daga busasshen gindin tsohon tafki ta ke tasowa, a wani kwari da a ke kira Bodele a ƙasar Chadi, tana kuwa zuba wa gonakinmu ɗan gishirin dutse kyauta kowace shekara.

To, kun ga dutse ya ba shuka fotashiyam, ya ba ta kalshiyam, da ƙarfe, da fosfaras. Saura abu ɗaya wanda shuka ta fi bukata da yawa, giranit kuwa kusan ba shi da shi sam. Sunansa naitirojin. Da shi a ke gina koren ganye, da shi a ke gina furotin, watau abin nan mai gina jiki da ke cikin nama da ƙwai da nono. In ya ƙaranta a gona, shuka ta kan tsumbure, ganyen ƙasa su fara yin rawaya, sa'an nan abin ya haura sama. Ciwon dawar goggo ke nan. Ga shi kuma ba ya zama a ƙasa, ruwan sama mai yawa ya kan wanke shi ya nutsa inda saiwa ba ta kaiwa.

Abin mamaki, naitirojin ba shi da wuyar samu. Iskar da ke kewaye da mu, kashi 78 cikin 100 naitirojin ne. Dawa tana tsaye a cikinsa dare da rana, mu ma muna shaƙarsa muna fitarwa, amma daga mu har ita ba mai iya amfani da shi. Ga ƙoshi ga kwanan yunwa. Dalili shi ne, a cikin iska ƙwayoyinsa biyu biyu su ke, a ƙulle da juna tamau, sai an raba su kafin shuka ta iya sha. Tsawa da walƙiya su kan raba kaɗan, ruwan sama ya sauko da shi. Mutum bai sami dabarar da za ta wadatar ba sai a 1909, sa'ad da wani Bajamushe, Fritz Haber, ya yi nasara a ɗakin gwaji, aka buɗe masana'anta ta farko a Jamus a 1913 bisa aikin Carl Bosch. Ku ji irin wahalar da a ke sha: sai an hura zafi fiye da digiri 400, alhali ruwa a digiri 100 ya ke tafasa, a kuma matse iskar matsi mai tsanani cikin manyan tukwanen ƙarfe. Ta wannan hanya a ke yin takin yuriya, wanda kashi 46 cikin 100 nasa naitirojin ne. In kun ji kuɗin buhu ya yi tsada, har da kuɗin wannan wuta ku ke biya.

Aikin da masana'anta ke yi da wuta da ƙarfe, shi ne a ke yi a cikin ƙululun da goggo ta so ta hallaka, ba hayaƙi, ba ƙara, cikin sanyin ƙasar damina. Masu aikin waɗansu ƙananan halittu ne da a ke kira bakteriya, ido ba ya ganinsu sai da madubin likita. Na san da yawa cikinmu in mun ji an ce ƙwayoyi sai zuciya ta tafi ga cuta, gama haka aka koya mana a darasin tsabta. Amma kamar mutane su ke, akwai mugaye, akwai na kirki, na kirkin kuwa sun fi yawa nesa. Waɗanda ke zama da dangin wake sunansu raizobiyam.

Ga yadda zaman ke ƙulluwa. In wake ya tsiro, saiwarsa ta kan zubo wani sinadari a ƙasa, kamar mai aika goron gayyata. Bakteriyar da ke kusa su kan amsa da nasu sinadarin. In wake ya gane amsar, sai siririn gashin saiwarsa ya lanƙwashe ya rungume su, ya buɗe musu hanya zuwa ciki. A gyaɗa kuwa ta 'yar tsagar da ke inda ƙaramar saiwa ta ɓullo daga babba su ke shiga. Sa'an nan shukar ta gina musu ɗaki, shi ne ƙululun. Cikin mako uku ko huɗu bayan shuka a kan fara ganinsu. Ganye ya kan aiko musu da sukarin da ya yi da hasken rana, su kuma su kamo naitirojin daga iskar da ke ratsa ƙasa, su raba shi, su miƙa wa shuka a yadda za ta iya sha. Ban gishiri in ba ka manda.

Jan da goggo ta kira jini fa? Abin da bakteriyar ke raba naitirojin da shi yana lalacewa in iskar oksijin ta yi masa yawa, su kuwa ba su iya rayuwa sai da oksijin, kamar mu. Sai shukar ta yi wani jan sinadari mai kama oksijin ya riƙe, yana sakar musu kaɗan kaɗan daidai numfashinsu. Wannan sinadari ɗan'uwan wanda ke sa jininmu ja ne, ƙarfe ne a tsakiyarsa kamar yadda ya ke a namu. Wani masani a Japan mai suna Kubo ya gano shi a 1939. Saboda haka in kin tsaga ƙululu kin ga ja ko ruwan hoda, ana aiki. In fari ne, bai fara ba ko kuwa baƙin ragwaye ne. In ya yi kore ko ruwan ƙasa, ya tsufa ya gama.

Manoma sun san wake yana gyara gona tun kafin a san dalili. Kakanninmu sun gaji shuka wake a tsakanin gero da dawa, Rumawan dā ma sun rubuta irin wannan a littattafansu na noma. Dalilin bai fito fili ba sai a 1886, da waɗansu Jamusawa biyu, Hellriegel da Wilfarth, suka ba da labarin gwajinsu. Sun shuka waken ƙasarsu a rairayin da aka kashe duk wani abu mai rai a cikinsa, ba taki ko kaɗan. Waɗansu tukwanen suka zuba musu ɗan ruwan da aka jiƙa ƙasar gona a ciki, waɗansu suka bar su. Waɗanda suka sami ruwan ƙasar suka yi ƙululai suka yi kore shar. Sauran, da abincin da ke cikin ƙwayar irin ya ƙare, sai suka yi rawaya suka tsaya. A 1888 wani mutumin Holan, Beijerinck, ya ware bakteriyar ya rene su su kaɗai.

Kada dai in sa ku ɗauki kowane kumburi a saiwa alheri ne. Akwai wata 'yar tsutsa siririya da ke shiga saiwar tumatir da kuɓewa, har da wake, ta sa ta yi ƙulle ƙulle. Bambancin ba wuya. Ƙululun kirki a gefen saiwa ya ke manne, in kin murza da yatsa zai ɓalle. Na tsutsa kuwa saiwar ce da kanta ta kumbura, ba ya ɓallewa, ba ja a cikinsa. Tsoron goggo ashe yana da tushe, ta dai kama marar laifi ne.

Yanzu ku dubi inda labarin dutse ya haɗu da na wake. Ƙarfen da ke cikin jan sinadarin nan daga dutse ya fito. Kayan aikin bakteriyar na raba naitirojin shi ma da ƙarfe aka gina shi, da wani ma'adini da a ke bukata ɗan mitsitsi, sunansa molibdinam. Ƙarfin yin aikin kuma sai da fosfaras. In dutse bai bayar ba, wake ba zai iya kamo na iska ba. Ƙasarmu ta Arewa tsohuwa ce, ruwa ya daɗe yana wanke ta, fosfaras ya yi mata ƙaranci ƙwarai. Shi ya sa malaman gona ke cewa a ba wake da gyaɗa takin sufa, wanda da dutsen fosfaras a ke yinsa, irin dutsen da akwai shi a ƙasar Sakkwato da Tawa ta Nijar. Zuba wa wake yuriya da yawa kuwa asarar kuɗi ce. In ya sami naitirojin a banza sai ya rage gina ƙululai, ya yi ta yaɗo da ganye. Yuriyar ki ajiye wa masara.

Akwai wata gaskiya da ba a faye faɗa ba, ni kuwa ina ganin ya kamata ku sani. Naitirojin da wake ya kamo, mafi yawansa yana tafiya cikin ƙwaya da harawa. Dawar da ke tsaye kusa da shi a wannan damina kaɗan ta ke samu, ribar sai baɗi, in saiwoyi da ganyen da ya kaɗe sun ruɓe. To, in aka roro wake, aka tuge shi da saiwa, aka sayar da harawa a kasuwa, aka share gona aka cinna wa sauran wuta, me aka bar wa ƙasa? Wuta ta kan mai da naitirojin cikin iska inda ya fito. Abin da ya fi, a yanke harawa da lauje a bar saiwa a ƙasa. Awaki da tumaki su ci harawar, a kwashe takinsu a mayar gonar. Gyaɗa dole a tuge ta, don haka mai da takin ya fi zama wajibi a gare ta. Tokar murhu kada a zubar a juji, gishirin dutse ne da itace ya tsotsa, a barbaɗa ta a gona. Inda aka yi dawa ko masara bana, baɗi a sa wake, ko gyaɗa, ko gurjiya, ko waken suya. Wuta-wutar dawa ta fi son gajiyayyar ƙasa, gyaɗa da waken suya kuma su kan yaudari irinta ya tsiro, ya rasa saiwar da zai kama, ya mutu.

Waken suya baƙo ne daga ƙasar Sin, ba kowace ƙasa ke da bakteriyar da ya sani ba. Cibiyar binciken noma ta IITA da ke Ibadan ta fito da iri masu karɓar bakteriyar ƙasarmu, ta kuma yi wani baƙin gari mai suna NoduMax da a ke cuɗa iri da shi kafin shuka. Wakenmu na gida ba ya bukatar a yi masa wannan hidima a yawancin gonaki, gama shi da bakteriyarsa 'yan ƙasa ne. Nijeriya ce ta fi kowace ƙasa a duniya noman irinsa, Nijar ke bi mata.

A itatuwa ma akwai dangin wake. Gawo shi ne sarkinsu a wajen manomi: saiwarsa tana yin ƙululai, ya kan zubar da ganye da damina ya bar wa gero rana, da rani ya yi kore ya ba dabbobi inuwa da 'ya'ya, su kuma su bar taki a gindinsa. Manoman Damagaram da Maraɗi sun rayar da gawo da sauran itatuwa masu yawan gaske a gonakinsu tun daga shekarun 1980, ta hanyar barin tohon da ya fito da kansa. In maigida ya ɗauki gatari ya nufi ɗan gawo, ki ba shi haƙuri. Ɗorawa da tsamiya kuwa, ko da ya ke 'ya'yansu a kwanso su ke kamar wake, ba su yin wannan aiki.

Daga gona sai tukunya. Naitirojin da bakteriya suka kamo shi ne ya zama furotin a ƙwayar wake. Kusan kashi ɗaya cikin huɗu na wake furotin ne, gyaɗa ma haka, waken suya ya fi su, dawa kuwa wajen kashi ɗaya cikin goma. Yaron da aka yaye aka bar shi da koko tsarara, shi ne ku ke gani da kumburin ƙafa da jan gashi. Wata likita, Cicely Williams, ta bayyana wannan ciwo a ƙasar da yanzu a ke kira Gana, ta kuma sa masa sunan da mutanen Ga ke kiransa da shi, kwashiyoko, a 1935. Furotin ɗin hatsi yana da giɓi wanda na wake ke cikewa, na wake ma yana da wanda hatsi ke cikewa, don haka shinkafa da wake, da ƙosai da koko, da ɗanwake, da kunun gyaɗa, haɗi ne mai kyau. Ki dama wa ɗan yaye kununsa da gyaɗa ko garin waken suya da aka soya. Wake kuwa ki jiƙa shi tun da dare don ya yi saurin nuna, ki rage kanwa, gama yawanta yana kashe wani bitamin da ke cikinsa.

Goggo dai ta bar sauran wakenta, tushe goman da ta tuge awaki suka ci. Ta sa na tsaga mata ƙululai har biyar kafin ta yarda, da yamma kuma na ji tana nuna wa maƙwabciyarta ta kan danga.

'Yammatan makaranta, in wake ko gyaɗa sun fara fure, ku nemi izinin mai gona ku haƙo tushe ɗaya da fartanya. Kada ku fizge, ƙululan za su tsinke su zauna a ƙasa. Ku wanke saiwar a kwano a hankali, ku ƙirga ƙululan, ku tsaga guda goma, ku rubuta nawa ne ja. Ku yi hankali da reza. Wadda ta yi ta aiko wa wannan fili da abin da ta samu, ta faɗi garinsu da irin ƙasar gonar, ko jigawa ce ko fadama.